Kusa da Kabarin Baba

Tun da muka baro ƙauye muka tare a Batsari ba na son rakiyar gawa. Ina zuwa, don ba a ƙin zuwa, amma ƙafata ce ke tafiya, raina na baya. Kwanakin baya muka kai wani maƙwabcinmu, mahauci a bakin kasuwa, mutumin kirki. Da muka shiga makabartar gari sai na ga kaburbura an riga an gina su a jere, baki buɗe, suna jiran duk wanda kwanansa ya ƙare. Aka duba wanda ke gaba a layi aka sa shi, aka rufe, aka yi addu'a, masu babura suka fara tayarwa tun ba a shafa ba. Na tambayi wani dattijo da ke tsaye kusa da ni, na ce wane ne a wannan na gefensa, wanda ƙasarsa ba ta gama bushewa ba? Ya ce, "Wallahi Malam ban sani ba. Jiya dai an kawo mutum." In faɗi gaskiya, kishi ne ya kama ni. Kishin mutanen da ke kwance a makabartar ƙauyenmu nake yi, kowa kusa da nasa.

Makabartar tamu ba ta da girma. Tana arewa da gari, bayan gonar liman, inda burtalin shanu ya ratsa ya nufi daji. Ba katanga, sai shingen bi-ni-da-zugu da kakanni suka dasa, da wani tsohon marke a tsakiya wanda ba a taɓa sa masa gatari ba. Ba a rubuta sunan kowa. Wani kabarin fasasshiyar tukunya ce alamarsa, wani dutse, wani kuma ba komai sai ɗan tudun da ruwan sama ya lashe har ya kusa shafewa. Amma ka tsayar da kowane magidanci na garinmu, zai nuna maka da haɓa ya ce ga wane, ga matarsa, ga ɗansu da ƙyanda ta ɗauke. A gindin marken nan makaɗin gayyarmu yake, mutumin da in ya saɓa gangarsa ya biyo bayan manoma, ko rago sai ya ji ƙugunsa ya yi ƙarfi. Ya mutu ba shi da ko akuya, amma ranar da aka kai shi ba a yi noma a ƙauyukan da ke kewaye da mu ba. Gaba da shi kaɗan wata Bafulatana ce da ke kawo mana nono, mai dariya da ƙarfi, wadda naƙuda ta kama a hanya, matan gidanmu suka shigar da ita ɗaki. Jaririn ya rayu, ita ta tafi. Aka sa ta cikin namu ba wanda ya ce uffan, kuma duk shekara in sun ratso da shanu mijinta sai ya tsaya a bakin shingen, sandarsa a wuya, ya daɗe bai motsa ba. Can ta kusurwa akwai wani da ya tafi ci-rani kudu yana saurayi, ya yi shekaru ba amo ba labari, sai ga shi an sauke shi daga motar kasuwa ya rame kamar kara. Ya ce shi ba magani ya zo nema ba, ƙasar da za ta rufe shi ya biyo. A lokacin dariya muka yi masa a ɓoye, muka ce ƙasa ai ƙasa ce, ta kudu ba ta rufe mutum ne?

A da in an yi rasuwa a garinmu kunne ke fara sani. Kana gona sai ka ji luguden mata ya ɗauke, turame sun yi tsit gaba ɗaya, sannan kuka ya tashi daga gida guda. Ba mai tambayar wane ne kafin ya ajiye hauya, don kowa ya san wanda ke kwance. Kafin ka iso gari aiki ya rabu da kansa: waɗansu sun tafi saro itacen rufi, waɗansu sun ɗauki tuluna sun nufi rijiya, tsofaffi na zaure suna ɗinkin likkafani, samari sun wuce makabarta da dagi da kwanduna. Yanzu kuwa waya ce za ta yi ƙara a aljihun ɗanka, ya ce "Ayya, Allah ya jiƙansa," ya mayar da ita aljihu ya ci gaba da wanke babur ɗinsa, sai ka tambaya zai gaya maka wanda ya mutu.

Mahaifina shi ne mai kara. Haka ake ce masa, don shi ke shiga ɗakin mamaci da karan dawa ya auna tsawonsa, ya karya karan daidai, ya je makabarta ya shimfiɗa shi a ƙasa ya zana inda za a gina. Shi ne kuma ke sauka cikin kabari ya karɓi gawa ya kwantar da ita. Ba sarauta ba ce, ba a naɗa kowa, amma duk garin sun san hannun da zai taɓa su na ƙarshe, kuma da wannan sanin suke gaishe shi. Mutum ne mara yawan magana. In ya ga samari na gaggawar gini yakan ce, "Ku bi a hankali. Ɗaki kuke ginawa, kuma mai shi ba zai iya fitowa ya ce ya matse shi ba."

Ni ne ɗansa na fari, kuma duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai," yake cewa, ko "wancan yaron." Ba ya zama tabarma ɗaya da ni, ba ya kallona in ina magana, in na yi abin kirki sai ya juya ya yi tari. Kunyar ɗan fari ce, haka ya tarar, haka aka yi masa. Da ni kaɗai ne a gidan da ban ji komai ba. Sai ga Iro. Ɗan ƙanwar Baba ne, taubashina ke nan, wanda sanƙarau ya kwashe masa uwa da uba a bazara guda a wani ƙauye can wajen Safana, Baba ya je ya ɗauko shi a kan jaki. Tsarana ne, kaciyarmu ɗaya, ɗakinmu ɗaya, akushinmu ɗaya. To shi ba kunya tsakaninsa da Kawunsa. Baba na kiran sunansa tun daga zaure har a ji a bayan gida. Yana rage masa fura a ƙwarya. In za a je kasuwar Batsari Iro ke tafiya a gefensa suna hira, ni ina baya ina kora jaki, ina kallon ƙeyarsu. Ana cewa kishi kumallon mata. Wanda ya fara faɗin haka bai yi tafiyar kasuwa a bayan ubansa ba.

Abin da ya tsaya mini har yau ranar rasuwar makaɗin nan ya faru. Mun zama samari, gemu ya fara tsiro mana, kowannenmu na iya yini a kuyyar gona yana noma ba ya miƙewa. A shekarar ciwon baya ya kama Baba, da ƙyar yake sunkuyawa. Ya fito daga ɗakin mamacin riƙe da karan da ya auna, ɗayan hannun dafe da ƙugu, jama'a cike da ƙofar gida, har baƙi daga Karare da ruggagen da ke kusa. Kowa ya ga yau ba zai iya sauka kabari ba. Ina tsaye daf da hannunsa na dama, riƙe da dagi. Wallahi har na fara sauya dagin zuwa hagu don in karɓa. Baba ya ɗaga ido ya tsallake ni kamar an tsallake kututture, ya ce, "Iro, zo ka karɓa." Iro na can baya, sai da mutane suka buɗe masa hanya. Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Liman ya ce, "Masha Allahu, mai kara ya sami magaji." Sannan Baba, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Kai, je ka ɗebo ruwan kwaɓi." Na ajiye dagin na ɗauki tulu. Na yi ta sintiri tsakanin rijiya da makabarta, kuma duk zuwan da na yi sai in hango kan Iro yana ƙara nutsewa cikin ramin, Baba na tsugune a baki yana gaya masa yadda zai gyara kusurwa, da murya mai taushi wadda ni ban taɓa jin an yi mini magana da ita ba.

Da aka watse ban koma gida ba, na wuce ɗakin kakata, uwar Baba, na zauna a bakin ƙofa. Tana kaɗi, mazarinta na juyawa a kan tasa. Ta dube ni ta wutsiyar ido ta ce, "Mi ya sami mai gidan nawa, ya shigo da fuska kamar an kwance masa jaki?" Na ce, "Kaka, ni ba ɗansa ba ne?" Ta yi dariya har zaren ya tsinke. Ta ce, "Kai wawa ne. Ai don kai ɗansa ne. Kai in ya mutu gida naka ne, gona taka ce, sunansa ma kai za ka ɗauka. Wancan maraya mi gare shi? Ka bar masa karan dawa mana." Na ce ni ba gona nake so ba. Ta ƙulla zarenta ta ce, "To ka haɗiye. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Na haɗiye. Amma abin da aka haɗiye ba duka ke narkewa ba.

Da Iro mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi. Ba mugu ba ne. Muka yi aure a shekara guda, muka raba gida katanga ɗaya tsakaninmu, gonakinmu na haɗe da iyaka. Shekarar da ƙafata ta karye shi ya nome mini gero har maimai, ya zo yana cewa ga ubangidana nan kwance bawa na wahala, don haka muke wasanmu na taubasai, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya. Ina dariya, ina gode masa, kuma can ƙasan raina ina jin haushin a ce ko alherin ma shi ke da hannun sama. Ya riƙe karan nan shekaru masu yawa. Ya kwantar da kakarmu, ya kwantar da tsohon liman, ya kwantar da 'ya'yana biyu da ba su yi kwana ba. Da ciwon ajali ya kama Baba ya kira mu tare. Ya dubi Iro ya ce, "Iro, ka san aikinka." Ni kuma ya dubi bango ya ce, "A riƙe gida." Iro ne ya auna shi, Iro ne ya sauka. Ni na miƙa ubana daga sama, wani ya karɓa.

Ranar, bayan an gama addu'a mutane sun juya, na tsaya na lura da wani fili gabas da kabarin, daidai kwanciyar mutum ɗaya, kafin saiwar marke ta tare wurin. Na ce a raina, nan ne nawa. A duniya kunya ta hana shi zama kusa da ni, to a nan ba inda zai tashi ya koma. Ban gaya wa kowa ba. Duk ƙarshen damina in an fita gyaran kaburbura, ni ke tuge ciyawar wurin, in kwashe ƙaya, in ce ai gefen Baba nake sharewa.

Iro ya kwanta muna da furfura mu biyu. Cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, aka kai shi asibiti aka dawo da shi. Wata rana bayan azahar ya aika a kira ni. Na tarar da shi an jingine shi da bango, ya kori mata daga ɗakin.

Ya ce, "Taubashi, matso kusa, ba cizonka zan yi ba."

Na ce, "Ko ka ciza, da wane haƙorin?"

Ya yi 'yar dariya, ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "Kai za ka auna ni. Kada ka rage mini tsawo don haushi."

Na ce ya bar wannan magana, cuta ba mutuwa ba ce. Ya ce shi da ya kwantar da rabin garin nan ba za a gaya masa kamannin mai tafiya ba. Sannan ya murza bakin zanen da aka rufa masa, ya ce, "Sai alfarma guda. Ka sa ni gaban Kawu. Ban san inda uwata take ba, ban san inda ubana yake ba, an ce ma wurin ya zama gona. Shi kaɗai na sani."

Na ce, "Iro, ka san wa ke share wurin nan?"

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa kai nake roƙo, ban roƙi liman ba."

Me zan ce? Mutum na bakin tafiya, ya kira ka ya roƙe ka abin da ya san kana so, kuma ya san ba za ka iya hanawa ba. Na ce, "To." Ya kama hannuna ya ce Allah ya saka. Na tashi na fita.

Bai yi mako ba ya cika. Ni na shiga da kara na auna shi, ban rage masa ko ɗan yatsa ba. Ni na zana wurin, ni na gina, na hana samari taɓa cikin, na gyara kusurwoyin nan yadda na ji Baba na koya masa. Jama'ar da ta taru ranar har bayan shinge, sahu ya miƙe ya shiga gonar liman. Da aka miƙo mini shi na kwantar da shi a kan damansa, fuska gabas kamar yadda ake yi wa kowa, sai a lokacin abin ya faɗo mini: Baba ma haka yake kwance, fuskarsa gabas. Ke nan Iro yake kallo. Na fito daga ramin hawaye na zuba, mutane na cewa Allah sarki, taubasai, ka ga ƙauna. Ƙaunar na ciki, ban musa ba. Amma ba ita kaɗai ba ce.

Iro ya yi sa'a ko a lokacin tafiyarsa. Bai ga abin da ya biyo baya ba. Bai ga ranar da aka kore shanun garin da rana tsaka ba. Bai ga an fara ɗaukar mutane daga gona ba, har ya zama manomi na noma kunnensa na daji, ƙarar babur ta fi kukan kura ban tsoro. Bai ga Fulanin da muka tashi tare muna haɗuwa a hanya kowa na sauke ido ba, mu muna tsoronsu, su ma suna tsoron abin da ake zarginsu da shi. Bai ga ranar da muka ɗaura abin da kai zai iya ɗauka muka fito, mata na waiwayen rumbuna ba. Duk waɗanda ke kwance a bayan shingen nan sun mutu suna da gari. An yi musu wanka da ruwan rijiyarsu, an sallace su da sahu mai tsawo, ba wanda ke duban hanya yana cewa a yi sauri. Ni kuwa ga ni a ɗaki guda a bayan gidan da ɗana Mannir ke haya, inda in na yi tari maƙwabci ke ji ta bango, bai kuma san sunan ubana ba.

Bayan jana'izar mahaucin nan na kasa sukuni. Damina ta ƙare, lokacin gyaran kaburbura ya yi, na matsa wa Mannir sai ya kai ni. Ya ce, "Baba, don Allah ka bari. Mi za ka yi a can?" Na ce ubana zan gaisar. Ya yi ta ja har aka ce hanya ta ɗan lafa, sannan ya yarda, da sharaɗin mu fita da safe mu juyo kafin azahar. Na ɗaure hauya a bayan babur.

Ban shiga gidanmu ba. Daga nesa na ga rufin zaure ya rufta, na ce mu wuce. Makabarta kuwa ciyawa ta haɗiye ta har ƙugu, shingen ya faɗi ta gefen burtali, ba don marken ba da sai na yi lalube. Na sami na Baba lafiya lau. Na Iro ne ruwa ya zaftare ta wajen ƙafa. Na tsaya ina kallo, na ce, "To ubangida, ga bawanka ya zo." Na ɗebo ƙasa na cike, na daddanna. Sannan na zagaya yamma da Baba, ta bayansa. Akwai sauran wuri a nan, ƙasa mai taushi, daidai mutum ɗaya. Ba gabansa ba ne, amma ai na saba da kallon ƙeyarsa. Na sa hauya na nome wurin tas, na tuge saiwoyi, na kwashe ƙaya, har ƙasa ta fito ja. Na kira Mannir da ke tsaye a bakin shinge yana ta duban daji, na ce, "Ka ga nan? Nan za ku kawo ni." Ya ce, "Baba, Allah ya ja kwana." Na ce ba addu'a na tambaye shi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "In hanya ta yi kyau, Baba."

Muna haka sai na ji sallama. Rabe maƙeri ne, tsaranmu ni da Iro, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun da suka ƙi tashi. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi, yana dogara wani guntun ƙarfe. Muka gaisa, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya baƙunta, yaya muka ji da haƙuri, yaya ƙarfin jiki, har muka rasa abin tambaya muka sake daga farko. Muka zauna a gindin marke. Ya ce maƙerarsa ta yi sanyi, ba mai kawo gyaran hauya, amma shi ba inda za shi, a nan aka binne cibiyarsa.

Na ce, "Rabe, wallahi ina kishinka. Kai dai ko yau ta zo, a gida za ta same ka."

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Kishina? Ka san yadda muka kai matar Sada da ta rasu cikin damina? Ba mu cika sahu ɗaya ba. Mai gini shi ne mai ɗauka, shi ne mai salla. Muna rufewa muna jin babura, ko addu'a ba mu gama ba kowa ya kama gabansa. Ku can in kun mutu ai mutane za ku samu, ko ba su san ku ba za su tsaya bayanku su yi kabbara. Ni wa zai tsaya mini?"

Na ce, "Ni zan zo."

Ya yi dariya, ya ce, "Kafin labari ya kai Batsari ai na kwana biyu a ƙasa."

Mannir ya ta da babur. Na tashi, Rabe ya raka mu har bakin burtali yana jan ƙafa, ya ce in gai da mutanenmu da ke can, ya lissafo su gida gida. A hanya na yi ta juya maganarsa. Gaskiya ya faɗa, na sani. Amma ko da muka hango rufin kwanon Batsari, ban ji na daina kishinsa ba.

Ba a yi wata guda ba, ranar kasuwa, ina zaune a ƙofar gida sai ga wani magidanci daga cikin waɗanda suka rage a ƙauye, ya kawo rogo ya biyo ya gaishe ni. Bayan mun gaisa ya gyara zama ya ce, "Baba, sai haƙuri. Baba Rabe ya rasu, shekaranjiya da hantsi. Zazzaɓi ne, bai daɗe ba."

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ina kuka sa shi?"

Mannir da ke gefe ya ce a hankali, "Baba, innalillahi." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya jiƙan Rabe, ya sa ya huta. Sannan na sake tambaya.

Mutumin ya ce, "Ai Allah ne ya taimake mu. Mu kaɗan ne, ga tsoro, ga makabarta duk ciyawa, mun rasa ta inda za mu fara. Sai muka tarar da wani wuri a share tas, bayan kabarin tsohon mai kara, ƙasa mai taushi, kamar an shirya mana. Nan da nan muka gama." Ya girgiza kai ya ce, "Wallahi duk wanda ya share wurin nan, Allah ya ba shi lada."

Mannir ya ɗago ya dube ni. Na ce, "Amin."